Tuffar Bakin Shinge

Talata, 7 ga Fabrairu

Ta iso. Ƙarfe goma da kwata na safe. Mace ce jikar tawa, sunanta Noemi.

Ina kan tsani ina yi wa itatuwa aski a layi na goma sha tara matata Herminia ta kira ni a waya. Ban san yadda na sauko ba. Abokin aikina Cipriano ya ce daga mataki na huɗu na diro, ni mai shekara sittin da bakwai da ciwon gwiwa. Ƙarya yake yi, daga na uku ne.

Na riƙe ta. Hannuna duk kaushi, sai da na ji tsoron kada in karce ta. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni kamar shugaban aiki ya zo duba layin da ba a gama ba. Goshin namu ne, na gidan Tapia. Kunnuwan na ubanta ne. Ba laifinta ba ne.

Yau ban je ajin koyon Turanci ba, karo na farko cikin shekara uku. Mai rubuta sunan waɗanda ba su zo ba ya rubuta.

Malama Doreen ta ce mu riƙa rubuta abin da ya faru kullum da Turanci. Wannan littafin nawa ne, da harshen uwata zan cika shi. Sai da na kai hamsin da biyar na koyi riƙe alƙalami. Ba wanda zai zaɓar mini bakin da zan yi murna da shi.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Na kai cakulan aji, yadda ake yi in an haifi mace. Kowa ya ci, har Harjit direban babbar mota da ke cewa yana da ciwon sukari.

Darasin yau ya ɓata mini rai. Malama ta rubuta kalmomi a allo: emerge, arise, spring up, da wasu da ban kwafa ba. Duk 'yan gida ɗaya ne. Abu ya ɓullo, abu ya taso, abu ya tsiro. Ta kawo misalai. Gari ya tsiro a bakin kogi. Sana'ar tuffa ta ɓullo a kwarin Yakima.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Malama, wa ya yi?"

"Wa ya yi me, Don Eusebio?"

"Garin. Wa ya ɗauki duwatsun?"

Ta ce ana amfani da waɗannan kalmomin ne in abu ya zo ba tare da wani mutum ɗaya ya yi shi ba, ko in ba a san wanda ya yi ba. Na ce ba a sani ba, ko dai ba a tambaya ba? Oksana da ke zama bayana ta ce, "To, kakan jaririya ya fara."

Shekara talatin da shida ina cikin gonar tuffa. Ka shuka ƙwaya, abin da zai fito ba zai yi kama da uwarsa ba, ɗan ƙarami ne mai tsami, ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya ci. Itacen kirki aure ake yi masa. Ka zaɓi gindi, ka zaɓi reshe, ka yanka, ka haɗa, ka ɗaure. Da hannu. Ba abin arziki da ke tsirowa da kansa. Na gaya musu haka da Turancina mai ɗingishi, kuma sun gane.

Asabar, 11 ga Fabrairu

Ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki. Minti huɗu. Na duba agogo.

Litinin, 13 ga Fabrairu

Gail Lindqvist ta kira ni rumfar kayan aiki. Ita ke riƙe da gonar tun rasuwar mahaifinta. Na san ta tun tana zuwa makaranta da kitso biyu, shi ya sa har yau Chebo take ce mini.

Maganar itacena ce, na bakin shinge, kusa da hanyar ruwa. Shekara takwas ana gwada 'ya'yansa. Yanzu akwai itace dubu huɗu da aka aura daga rassansa, kuma rabinsu da wuƙata. Ranar ashirin da biyu ga Afrilu, in fure ya buɗe, za ta tara manoman kwarin, a sanar da sabuwar tuffa, a kafa allon ƙarfe a gindin itacen.

Ta miƙo mini takardar abin da za a rubuta a allon. Da kaina na karanta, ba wanda ya karanta mini. Wai wannan tuffa ta tsiro da kanta a bakin shinge, bisa sa'a. Kalmar nan ta ranar Alhamis, ita ce a layin farko. Sunana yana can ƙasa, cikin ma'aikatan da ake gode wa.

Na ajiye takardar. Na ce, "Ba haka ba ne. Ni na yi ta."

Ta ce, "Chebo, ni abin da Baba ya gaya mini ke nan. In akwai wani labarin, rubuta shi, ka karanta da bakinka ranar. Abin da ka rubuta shi za a zana a ƙarfen."

Ƙarfe ba ya ruɓewa. Wata rana Noemi za ta tsaya a wurin ta karanta. Ba za ta karanta cewa kakanta yana cikin waɗanda ake gode wa ba.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Na fara. Ga abin da zan ce: a bazarar shekarar da aka haifi 'yata Araceli, na ɗauko ƙurar fure da ɗan burushi daga wani itace na shafa wa wani, na jira 'ya'yan suka nuna, na zaɓi ƙwaya ɗaya na shuka a bakin shinge.

Na sha yin aikin burushi a shekarun da sanyi ya hana ƙudan zuma fita. Wannan gaskiya ne. Ko a wace shekara ce... ba shi ne abin dubawa ba.

Lahadi, 26 ga Fabrairu

Mun ci pozole, farfesun masara irin namu, a gidan Araceli. Dogo ne ya dafa, mijinta. Ya cika masa lemon tsami, amma na ci kwano biyu don kada 'yata ta ce wani abu.

Araceli ta ce, "Baba, yana da suna fa." Na ce na sani.

Ba ni da wani abu da shi. Yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje inda ake duba ganye da cututtukan itace, hannunsa kamar na limamin coci. Sai dai ba iyayensa da suka zo gidana neman aure, ba wanda ya san asalin wani. A waya suka haɗu. Na tambayi Araceli wa ya haɗa su, ta ce ba kowa, haka kawai abin ya zo. Na je bikin. Ban yi rawa ba.

Bayan cin abinci na karanta musu rubutuna, Noemi tana barci a kafaɗata. Da na zo wurin burushi Herminia ta ajiye cokali.

"Burushi? Tsoho, a shekarar nan ko na goge haƙori guda ɗaya muke da shi mu biyu."

Araceli ta yi dariya har ta riƙe ciki. Dogo bai yi ba, ya sunkuyar da kai yana kallon kwano.

Ni da Herminia muka shiga mota, muka wuce coci. Sannan ta ce, "Kai dai ka san inda nake zama in ci abincin rana a shekarar." Na ƙara wa rediyo murya.

Laraba, 1 ga Maris

Dusar ƙanƙara ta narke a layin ƙasa. Na yanko rassan aure ɗari uku, na naɗe su a jiƙaƙƙen buhu. Ban bi ta bakin shinge ba. Hanyar da laka.

Alhamis, 9 ga Maris

Na karanta a gaban aji. Malama ta gyara mini wuri biyar kawai, ta ce rubutun yana da ƙarfi, kowane layi akwai mai yi da abin da ya yi. Na ce ai haka duniya take.

Harjit ya ce, "Yayana, waɗanne itatuwa biyu ka haɗa?" Na faɗi sunan iri biyu da muke da su a gonar a lokacin. Ya gyaɗa kai. Bai san tuffa ba sai a bayan motarsa.

Na dawo gida da takarda mai jan tauraro a kai. Na ajiye ta a aljihun kwat ɗina na zuwa coci.

Asabar, 18 ga Maris

Ina kan bencin da nake aura itace a rumfa, wajen ƙarfe tara na safe, sai ga Dogo. Sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Ya cire hula. Ya yi ta juya ta a hannu, yana harhaɗa harshenmu kamar mai ɗaukar ƙwai a cokali.

Ya ce Gail ta aika musu ganyen itacen tun bara, don a san asalinsa kafin a sanar da shi. Sakamakon ya fito cikin makon nan. Uwar itacen ba ta cikin irin da ke gonar. Ba ɗaya daga biyun da na faɗa. Ta yi daidai da wani tsohon itace mai tsami da ke tsallaken hanyar ruwa, a kangon gidan da ba kowa.

Ya ce, "Dole in miƙa takardar ranar Litinin. Manoman da za su zo taron duk za su gan ta. Na ce in fara zuwa wurinka, Don Eusebio."

Na ce, "Ka taɓa aura itace ko guda?"

Ya ce a'a.

"To ganye ya gaya maka, ni kuma hannuna ya gaya mini. Ka gaida gida."

Ya sa hularsa ya fita. A ƙofa ya buga kai da katako. Ban ce masa sannu ba.

Na lalata rassa shida bayan tafiyarsa. Shekara ashirin rabon da in lalata shida a rana ɗaya.

Lahadi, 19 ga Maris

Ban je gidan Araceli ba. Na ce gwiwa.

Talata, 21 ga Maris

Tunda littafin nawa ne, ba mai karantawa, bari in rubuta sau ɗaya.

Herminia tana da cikin Araceli wata bakwai, muna tsinkar tuffa. Ga tuffa mai zaƙi ta ko'ina, akwati kan akwati, ita kuwa ba abin da ranta ke so sai mai tsami. A garinmu an ce in mai ciki ta yi kwaɗayin abu ba ta samu ba, sai ya fito a jikin ɗan. Ba zan bar 'yata ta zo duniya da tambarin tuffa a goshi ba. Na tsallake hanyar ruwa, ruwan har ƙugu, na haura wayar kangon gidan, na cika hulata. Kullum, har mako uku. Takan zauna a bakin shinge da rana, ta jingina da turke, ta ci, ta tofar da ƙwayar.

Da bazara wani ɗan tsiro ya fito a wurin.

Tsohon Lindqvist ba ya barin irin wannan, ya ce gidan ƙwari ne. Ya ce in sare. Herminia ta ce wannan abokin haihuwar Araceli ne, in na taɓa shi in nemi inda zan riƙa cin abinci. Na kifa masa fasasshen akwati. Shekara ta biyu ya fi akwatin tsawo, maigida ya gani, ya sake cewa in sare. Na ce to, na manta. Ta uku ya tsaya a kaina, ya ce yau ko itacen ko aikina. Lokacin takarduna na zama a ƙasar ba su gama fitowa ba, ga jaririya. Na ɗauki gatari na je na tsaya a gabansa. Na sare wani busasshen reshe a gefe, na ja shi ta gaban ofis don a gani.

Shekara takwas kafin ya yi 'ya'ya. Ranar da na gutsiri ta farko sai da na zauna a ƙasa.

Shi ke nan. Na rubuta. Amma wannan ba labarin allon ƙarfe ba ne. Mutum ya tsaya gaban manoma ya ce matata ta tofa, ni kuma na yi sata? Nawa zan karanta. Su zo da ganyensu.

Alhamis, 30 ga Maris

Kwana goma sha biyu ban ga Noemi ba. Araceli ta aiko hoto a waya. Ta yi kumatu. Ba ta rubuta komai a ƙasa ba.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Herminia tana guge mini farar riga, ba ta ko dube ni ba.

"Ka karanta abin da ka ga dama, tsoho. Ni ba ruwana da ƙarfe. Amma yarinyar nan tana shekara biyar za ta iya karatu, ba hamsin da biyar ba. Za ta karanta allonka, ta koma gida ta karanta takardar ubanta. Sai ta zaɓi wanda ya yi mata ƙarya."

Na ce shekara arba'in da ɗaya muna tare ba ta taɓa goyon bayana ba. Ta ce da ba ta goyi bayana ba da tun a kan burushin ta tona ni gaba ɗaya.

Na fita na zauna a mota. Ban kunna ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Bayan an tashi daga aji na tsaya. Na tambayi Malama yadda ake cewa an umarci mutum ya yi abu, ya ƙi. Ta ce wannan darasin watan gobe ne. Na ce ba ni da watan gobe. Ta dube ni ta saman tabarau, ta jawo kujera.

Ba wai na fasa ba ne. Mutum yana iya riƙe takarda biyu. Kwat ɗin aljihu biyu gare shi.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Fure ya buɗe, kwarin duk ya yi fari. Na bi ta bakin shinge. Ya tsufa, ya karkace wajen ruwa, ƙudan zuma sun cika shi kamar kasuwa. Turken da take jingina da shi yana nan.

Cipriano ya same ni a wurin. Ya ce, "Compadre, gobe in ka fara zancen burushi zan yi tari. In ka ci gaba zan suma." Na ce ya suma, akwai hanyar ruwa kusa.

Asabar, 22 ga Afrilu

Mutum ya fi ɗari. Kujeru a tsakanin layuka, tamal, alalen masara irin namu, a tebur ɗaya, gasasshen nama a ɗayan. Malama Doreen ta zo, da Oksana, da Harjit cikin sabon rawani. Dogo yana can baya, Noemi a ƙirjinsa cikin majanyin nan nasu mai igiyoyi.

Gail ta kira sunana, cikakke, Eusebio Tapia.

Na sa hannu a aljihun dama, inda mai jan tauraro take. Sai yarinyar ta yi ɗan kuka, Dogo ya juyo da ita tana fuskantata, ya ɗaga ta sama kaɗan don ta gani. Ba abin da take gani daga can, wata biyu da rabi gare ta. Amma ya ɗaga ta.

Aljihun hagu na buɗe. Na zaro ɗaya takardar. Layi biyar ne, na karanta su da Turanci, a hankali:

Wannan itace ya tsiro da kansa. Matata Herminia ce ta tofar da ƙwayar a nan, tana da cikin 'yarmu. Ni na sato mata tuffar. Sau uku aka ce in sare shi. Ban sare ba.

Na sauke takardar. Sai wani tsohon manomi a gaba ya fashe da dariya a kan satar, sauran suka bi, sannan tafi. Ban ɗaga kai ba. Ina jira a gama.

Gail ta zo ta karɓi takardar. Ta ce a hankali, "Baba ya sani, Chebo. Yakan ce a teburin abinci, yau ma Eusebio ya sare itacen nan." Shekara talatin ina jin na yi wa mutumin wayo.

Cipriano ya ce bai yi tari ba amma ya kusa, don Turancina ya fi tuffar kangon tsami. Herminia ta ce wa Gail a tabbata sunanta ya riga nawa a ƙarfen, tunda ita ta yi aikin. Aikin tofi.

Araceli ta matso. Ta kwance yarinyar daga jikin mijinta ta ɗora mini.

Talata, 25 ga Afrilu

Ina nan kan bakana. Gari ba ya tsirowa a bakin kogi, mutane ne ke ɗaukar duwatsu, kuma na sake gaya wa Malama haka yau. Itace ɗaya ba ya rushe shekara talatin da shida.

Aikin gida, kowa ya kawo jimla ɗaya da kalmomin nan. Tawa: murmushi ya ɓullo a fuskar jikata ranar Lahadi. Gaskiya ne, ina riƙe da ita, ba abin da na yi, ba wanda ya yi mata wasa.

Malama ta karanta, ta cire tabarau. "Wa ya yi, Don Eusebio?"

Na ce ta ci gaba da darasi, lokaci yana tafiya.

Ranar Asabar akwai sauran rassa arba'in da ban aura ba, kuma idona ba kamar da ba. Na ce wa Araceli ta turo mini mijinta da safe, ya zo da tsohuwar riga da filasta, don sai ya yanke yatsa. Zan ba shi ƙaramar wuƙar, ba babbar ba.

Sunansa Wendell. Na tambayi Araceli yadda ake rubutawa.